Yadda Za Ki Kai Maɗori Hoton Ƙashi Ba Tare da Gari Ya Ji Ba

Ƴar'uwa, idan kakanki maɗori ne, mutumin da duk wanda ya karye a ƙauyukanku wurinsa ake kawowa, sai kuma aka wayi gari shi da kansa ya karye, to ki samu wuri ki zauna. Wannan rubutu naki ne. Na yi miki alkawari: idan kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ki tsallake ko guda ba, za ki kai shi asibiti, a ɗauki hoton ƙashinsa, ki maido shi gida, ko kazar maƙwabta ba za ta sani ba. Hanya ce da aka jarraba. Ni na jarraba ta, sau ɗaya, a kan kakana Nomau, a wani ƙauye da ke bayan Gangara.

Ki fara sanin abin da kike ƙoƙarin cetowa. Sana'ar maɗori tana tsaye ne a kan hannun damansa da sunansa. In bai je asibiti ba, hannun zai lalace. In ya je aka ji, sunan ne zai lalace, don ba mai kai ƙafarsa wurin maɗorin da ya kasa ɗora kansa. Aikinki ki fito da duka biyun a raye.

Mataki na 1: Ki gano cewa ya karye

Ba zai faɗa miki ba, sai ki sa ido. Idan ya fara sa babbar riga da tsakar zafi, alama ce. Idan carbi ya koma hagu, hula ta karkace ba a gyara ba, alama ce. Idan ya daina cin tuwo a zaure tare da mutane, ya ce a kai masa kunu ɗaki don hanjinsa na son hutu, alama ce babba. Idan kuwa aka kawo masa mai karaya ya leƙo ya ce ranar ba ta da sa'a, a dawo wani mako, to ki daina neman alama.

Nawa kakan daga amalanke ya faɗo. Jakinsa ya ga baƙar leda ta tashi a hanyar gona, ya ɗauka tashin duniya ne. Tsoho ya dira a kan tafin hannun dama, ya miƙe, ya duba gabas ya duba yamma, ya ga ba kowa, ya gode wa Allah. Ya shiga ɗaki ya ɗora wuyan hannun da kansa, da hagu da haƙori, ya jera karare ya naɗe da tsumma. Kwana tara ya yi a haka. Ranar da na kai masa kunu, sallamata ta yi ƙasa-ƙasa kamar kullum bai ji ba, sai na tarar yana tsikarar yatsunsa da tsinke. Sun kumbura kamar dafaffen rogo, kuma biyu daga ciki ba sa jin tsinken.

"Amarya," ya ce, don haka yake kirana tun ina rarrafe, wasan kaka da jika, "in kika hwaɗi ma wani, na sake ki."

"Saki na nawa ke nan bana, Tsoho?"

"Wanga na gaske ne."

Bai yi dariya ba. Nan ne za ki gane abin ya kai.

Mataki na 2: Kada ki yi masa bayanin kimiyya

Kuskuren ƴan lakol, wato ƴan makarantar boko irinmu, ke nan. Za ki ɗauko littafin ajinku, ki buɗe shafin da aka zana kwarangwal, ki fara jawabi. Ni na yi. Ya kalli zanen ya ce wannan bawan Allah yunwa ce ta kashe shi, ba karaya ba. Shekara arba'in yana gaya wa mutane cewa asibiti gidan masu zarto ne, ka shiga da ƙafa biyu ka fito da sanda. Ba littafinki ne zai sa ya janye ba.

Abin da ke aiki shi ne abokin hamayya. Kowane maɗori yana da wani maɗorin da ba ya son jin sunansa. Na Kaka sunansa Tanimu, yana ƙauyen gaba. Ki sunkuyar da kai, ki yi muryar tausayi, ki ce: "To shi ke nan, Tsoho. Tunda asibiti bai yi ba, bari in je in roƙi Baba Tanimu ya zo ya duba ka."

Bincikena ya nuna cewa daga wannan jimla zuwa neman takalmi ba ya wuce minti huɗu.

"Hoto kaɗai," in ji shi. "Su ɗauka mu dawo. Kuma ba Nomau ne za ya tahi ba."

Mataki na 3: Ki raɗa masa sabon suna

Nomau maɗori ba zai shiga takardar asibiti ba. Ki zaɓi suna marar hayaniya, da sana'a marar hayaniya, da gari mai nisa. Mu mun zaɓi Jaye, manomi, daga Cadakori, can wajen Gidan Rumji, inda ba mu san kowa ba kuma ba wanda ya san mu.

Ki yi masa bita kamar ta jarrabawa.

"Baba, sunanku?"

"Jaye."

"Sana'a?"

"Noma."

"Me kuka sani game da ƙashi?"

"Na mutum ko na dabba? Don in na mutum ne, to shi wuyan hannu kaɗai..."

"Tsoho! Ba ka san komai ba."

"Ni?"

"Jaye."

"To shi Jayen, ko ɗan targaɗe bai iya ba? Wane irin mutum ne kika ba ni haka?"

Ki yi haƙuri da shi. Koya wa tsoho abin da bai sani ba yana ɗaukar wata guda. Koya masa rashin sanin abin da ya sani, har yanzu ba a gano tsawon lokacin ba.

Mataki na 4: Ki zaɓi rana da hanya

Kada ki zaɓi ranar kasuwa. A gida ki ce za ki raka shi ta'aziyyar wani abokinsa na nesa. Tsofaffi ba sa rasa mamaci. Ki naɗa masa rawani ya rufe baki, ki aro masa baƙin tabarau. Ku taka da ƙafa har bakin babbar hanya ku hau motar da ba ta ƙauyenku ba, don ɗan kabu-kabun garinku, kafin ya kashe mashin, labari ya riga shi sauka.

Duk na yi wannan. Har jadawali na zana a bayan kayena, littafin da nake lissafi a ciki, da ranakun kasuwar Gangara da Gazawa da Agye. Abin da ban sa a jadawali ba shi ne tarin surukar Husaina. Husaina maƙwabciyarmu ce mai sayar da fura, mace mai kirki, sai dai labari ba ya kwana a cikinta. A ranar ce ta kawo surukarta hoton ƙirji. Mu kuwa da muka isa asibiti, likita ya duba hannun Tsoho, ya ɗaure fuska, ya rubuta mana takarda. Muna isa ƙofar ɗakin hoto, sai ga Husaina zaune a kan benci.

"A'a, Batulu! Ke da wa?"

Ki tanadi amsa tun daga gida. Ni ban tanada ba. Na ce wani bawan Allah ne na tsinta a tasha.

Mataki na 5: Ki tsare bakinsa a layi

Layin hoto matattarar masu karaya ce. Zaunar da maɗori a wurin kamar ɗaure akuya ne a gaban mai tallan latas. Kusa da mu wani Bafulatani ne da idon sawu a kumbure, saniya ta taka shi. Kaka ya kalli ƙafar ta ƙarƙashin tabarau. Ya kau da kai. Ya sake kallo. Na ji numfashinsa ya sauya.

"Targaɗe ne," ya ce daga cikin rawani. "Ba karaya. Ya ɓata tahiyarshi."

Na taka masa ƙafa.

"Waccan kuwa, dubi yadda kahwaɗar ta zube..."

Na sake takawa. Husaina ta karkato kai.

"Batulu, wanga bawan Allah naki, muryarshi kamar na san ta."

"Mura yake yi, Inna Husaina."

"Takalmin ma kamar na san shi."

Ki rubuta wannan ki aje: takalmi. Kowa yana tuna rawani, ba mai tuna takalmi.

Mataki na 6: Ki san wadda za ki kara da ita

Duk shirinki a kan zato ɗaya aka gina shi: cewa mai ɗaukar hoto zai zama mutum mai gaggawa da ɗaurarriyar fuska, wanda zai ƙwala "Na gaba!", ya fizgi takarda, ya danna maɓalli, ya kore ku. Ki yi addu'a ki samu irinsa. Irinsa ba ya kallon fuska, ƙarya tana wucewa ta gabansa lami lafiya.

Mu Madam Rahina muka samu, wata ƴar gajeruwa da farar riga a kan atamfa. Sai da ta rufe ƙofa tukuna. Ta jawo kujera ta zauna har kanta ya yi ƙasa da nasa. Ta gaishe shi: gida, iyali, gajiyar hanya, yaya gero bana. Ba ta kalli takarda ba sai da ya amsa duka.

"Baba, sunana Rahina, ni ce mai ɗaukar hoto a nan, ba likita ba ce. Ku faɗa mini sunanku da bakinku, in ga ko ya yi daidai da takarda."

Ya kalle ni. Na motsa masa leɓe.

"Jaye."

"Madalla. Wane hannu ne, Baba Jaye? Ku nuna mini da kanku."

Kin ga dabarar? Sunan a rubuce yake, hannun ma a rubuce, amma sai ta sa mutum ya faɗa da kansa. Daga baya na yi ƙarfin hali na tambaye ta inda ta koyi haka. Ta ce bayan bak, jarrabawar gama sakandare, shekara uku ta yi a lakol ɗin aikin lafiya. Sun haddace ƙasusuwa, sun koyi yadda hasken injin ke ratsa jiki da iyakar da ba a so ya wuce, da yadda ake aje hannu da ƙafa hoto ya fito. Amma darasin da ya fi kayar da ɗalibai, in ji ta, shi ne magana. Wasan kwaikwayo ake sa su a aji. Wannan ya zama tsoho kurma, waccan ta zama amaryar da kunya ta hana buɗe baki, wancan ya zama masifaffe, ke kuma ki ɗauke su hoto ba tare da kin ɗaga murya ba. Wanda ya taɓa majinyaci bai nemi izini ba, sifiri. Wanda ya ce "ba zafi" alhali da zafi, sifiri. Sannan watanni na koyon aiki a asibitoci, wani babba yana tsaye a bayanki yana sauraron kowace kalma.

Ke kin yi bitar ƙarya ta wuni ɗaya. Ita ta yi bitar sauraro ta shekara uku. Ki yi lissafin da kanki.

Mataki na 7: Ki dogara da rigimar laya

"Baba, zan taɓa hannun yanzu. Kun yarda?"

Ya yarda. Ta naɗe hannun rigar a hankali, sai ga abin da na san za a gani: laya biyu da wani zoben ƙarfe na gado a igiyar fata, ya ɗaure su a kan ɗorin. Tun kakansa suke yawo daga hannun maɗori zuwa hannun maɗori. A nan ki saki ranki, don rigima za ta ɓarke, kuma mai rigima ba ya samun lokacin tona kansa.

"Wanga ba ya hita," in ji Tsoho.

Na jira ta ce camfi ne. Na jira murmushin nan na ƴan boko, wanda ni ma na iya shi ba laifi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Baba, injin nan bai san abu mai daraja ba. In ya ga ƙarfe, sai ya zana shi fari fat ya rufe ƙashin da muka zo gani. Ni ba zan taɓa ba. Ku kwance da kanku, ku riƙe a hagu. Yana jikinku, bai bar ku ba."

Ya yi tunani. Ya kwance. Rigimar da na dogara da ita ko numfashi uku ba ta yi ba.

Kararen ta bar su, ta ce kara ba ya tare hoto. Amma ta ɗan jima tana duban ƙullin tsumman.

"Wa ya yi muku ɗorin, Baba?"

"Wani Tanimu," in ji kakana, ko ƙifta ido bai yi ba. "Bai iya komi ba."

"To," kawai ta ce.

Don hannun ya zauna daidai, dole a samu mai riƙe gwiwa. Ta yafito ni bayan labule, ta rage murya.

"Ƙanwata, kada ki ji haushi. Kowace mace nake tambaya, mai aure da marar aure, kafin ta tsaya kusa da injin. Ko akwai yiwuwar kina da ciki?"

Ƴar'uwa, ni da ko saurayi sai a littafi. Kunnuwana suka ɗauki zafi, na girgiza kai har kallabina ya zame. Ta ɗaura mini wata rigar dalma mai nauyin rabin buhun gero, ta ce ita ke tare hasken. Allah ya saka wa wanda ya koya mata tambaya a bayan labule. Da a gaban Tsoho ta yi, da har jikokina sai sun ji labarin.

Mataki na 8: Ki hana shi jin daɗin hira

Manomi Jaye aikinsa ya aje hannu ya yi shiru. Amma bayani mai kyau yana buɗe bakin tsoho kamar yadda shayi ke yi.

"Wanga haske, ƙuna yake?"

"Ba za ku ji komai ba, Baba. Kaɗan ne, kuma nan kaɗai zan haska."

"Yana ganin abin da mutum ke ɓoyewa?"

"Ƙashi kaɗai yake gani. Sauran sai mutum ya faɗa da kansa." Fuskarta ko gezau. "Hoto biyu zan ɗauka, ɗaya a kwance, ɗaya ta gefe. Na biyun zai yi zafi sa'ad da na juya hannun, ba zan ɓoye muku ba. In ya yi yawa ku ce in tsaya, zan tsaya."

Tsoho ya kalle ta kamar ta yi saɓo. A zaurensa ba a cewa zai yi zafi. Ƙarti huɗu ake sawa su danne mutum, a tambaye shi sunan kakar kakarsa, yana cikin tunani a fizge.

"Ke gaya musu kike?"

"Kullum."

"Ba su gudu?"

"Wanda aka gaya wa ya fi zama, Baba."

A nan ki taka masa ƙafa. Ni rigar dalma ce ta hana ni.

Ta juya hannun. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, bai ce a tsaya ba. Ta koma bayan gilashi ta ce kada mu motsa. Injin ya yi ƙit.

"Shi ke nan, Baba. Sannunku da ƙoƙari."

"Shi ke nan?" Ransa ya ɗan ɓaci. Ina jin ya so a yi tsawa ko hayaƙi.

Mataki na 9: Ko ta halin ƙaƙa, kada ya ga hoton

Idan duk sauran matakan sun zube miki a hanya, ki riƙe wannan.

Bayan ɗan lokaci ta dawo da hoton, wata baƙar leda mai kauri, ta maƙala a wani allo mai haske don ta ga ko ya fito sarai.

"Mi ya nuna?" in ji Tsoho.

"Ba ni da izinin faɗa, Baba. Nawa in ɗauka ya fito, fassara ta likita ce. In na faɗa na kuskure, ku ne za ku tafi da damuwar."

"To in gani?"

"Hannunku ne."

Ya miƙe. Ya zare tabarau. Ya ja rawanin ƙasa. Shekara arba'in yana laluben ƙashin mutane ta bayan fata, bai taɓa ganin na mai rai ba, sai na ragon layya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ni kuma na rasa inda zan sa idona.

"Ga babban," ya ce can, yana bi da yatsan hagu. "Ga ƙanenshi. Ga ƴan duwatsun nan... ɗaya, biyu... takwas. Takwas! Babana Labo ya ce bakwai ne. Allah ya jiƙan Labo, ya ci mini guda."

Sai yatsan ya tsaya.

"Kai! Ya goce! Dubi, kan ya koma baya, ya hau bisa da faɗin ƙwayar wake. Shi ya danne jijiya yatsun suka mutu. An ja shi, amma ba a danno ba. Nan wurin sai da mai riƙe gwiwa, ka ja, ka danno da babban yatsa. Da hannu guda ba ya yiwuwa, tun ranar na ji a jikina bai zauna..."

Ya kama bakinsa. Madam Rahina tana goge teburin da ba shi da datti.

"Noman Cadakori da zurfi yake, Baba," ta ce a hankali.

Tsoho ya koma ya zauna. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba.

"Ba Tanimu ba ne."

"Na ga ƙullin. Na haƙori ne." Ta sake jawo kujerarta kusa da shi. "Baba, abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake zama. Wannan ma darasi ne, tun shekarar farko. Likita kaɗai zai ji abin da ya shafi hannun. Kuma akwai ƙofa ta baya, ba sai kun bi ta benci ba."

Ƴar'uwa, kin ji? Ƙofa ta baya! Kin ci nasara. Ki naɗa masa rawaninsa ki ja shi ku fita, kada ki tsaya ko godiya.

Mataki na 10: Kada ki karanta masa rubutun kusurwa

A kusurwar kowane hoto akwai ɗan farin rubutu. Zai tambaye ki. Ki ce kwanan wata ne. Ki ce Faransanci ne mai wuya, ba a kai ku nan a lakol ba. Ni ciwona shi ne ba na iya ganin rubutu ban karanta ba, ko a gwangwanin tumatir ne.

"Amarya, mi aka sa nan?"

"Jaye, Cadakori, hannun dama."

"Wa?"

"Jaye."

"Ƙashin nawa?"

"Tsoho, ai mu muka..."

"Ƙashin da uwata ta haihwa, shekara saba'in ina ɗauke da shi, yau na gan shi karon hwarko, a ce na wani Jaye ne da ko targaɗe bai iya ba?"

"Ana gyarawa, Baba," in ji Madam Rahina. "Dama ya fi kyau takarda ta ɗauki sunanku na gaskiya. Sai in ba yarinyar nan ƴar wasiƙa ta kai wa mai rubuta sunaye a asirce, ba sai..."

Ya riga ya buɗe ƙofa, kuma ba ta bayan ba. Kai ba rawani, hoto a hagu, hannun dama a fili da kararensa. Teburin mai rubuta sunaye yana can ƙarshen baranda, bencin yana tsakani. Bai ga amfanin takawa ba tunda yana da murya.

"Malam mai rubutu! Goge Jaye! Nomau ne! Nomau maɗori, ɗan Labo maɗori, na bayan Gangara!"

Husaina ta tafa hannu. "Na ce takalmin!"

Bafulatanin ya ɗago ƙafarsa. "Baba, ashe kai ne? To tawa fa?"

"Targaɗe ne. Amma shiga ta ɗauka, mu ga ko na yi ƙarya."

Targaɗen ne. Sai da ya sa aka maimaita masa sau biyu, da ƙarfi.

Mataki na 11: Ki koma gida da abin da ya saura

Likita ya yi masa allura, aka ja hannun aka danno. Tsoho yana ba da umarni har maganin ya ci ƙarfinsa. Aka naɗe shi da farin simintin asibiti daga tushen yatsu zuwa gwiwa, mako shida, abin da ko babbar riga uku ba za su ɓoye ba.

Labari ya riga mu isa, ba sai na faɗi wadda ta kai ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, an yi dariya. Wata biyu masu karaya suna wuce ƙofarmu zuwa ƙauyen Tanimu, wasu har yau ba su dawo ba. Tsoho yana zaune a zaure yana jin wucewar amalankensu. Amma duk wanda ya shigo da niyyar tsokana, sai ya miƙa masa hoton ya ce ya ɗaga wajen rana ya ƙirga duwatsu. Mai tsokana ya ƙirga, ya kira wani ya zo ya gani. A mako na uku Tanimu da kansa ya zo wai dubiya. Ya ɗaga hoton bayan azahar, bai sauke ba sai da aka kira la'asar.

Yatsun nan biyu sun farka ɗaya bayan ɗaya. Bayan an fasa simintin ya yi makonni yana matsa curin yumɓu kamar yadda aka ce masa, yana zagin yumɓun. Sai ran nan mijin Husaina ya faɗo daga rumbu a kan gwiwa, aka kawo shi wurinmu don mu ne kusa. Ƙarti huɗu suka gyara tsayuwa. Tsoho ya ce su koma gefe.

"Zan taɓa," ya ce wa mutumin. "Da zahi. In ya yi yawa ka ce."

Ya lalubi gwiwar da hannun dama, a hankali, ido a rufe. Ya buɗe ido.

"Wanga cikin gaɓa yake. Ba na ɗora shi a makance. Amarya, ɗauko bik da takarda. Rubuta: Zuwa ga Madam Rahina, abokiyar aiki. Ga wani nan. Ina zaton kan ƙashin ne ya tsage. Ki ɗauka mu gani. In nawa ne ki maido mini, in na likita ne ku riƙe. Ki sa sunanshi daidai."

Wasiƙa ta goma sha ɗaya na rubuta jiya.

Sanarwa

Alkawarin da ke saman wannan rubutu na yi shi ne kafin in iso mataki na goma, kuma bik ba ya gogewa. Saboda haka mai rubutun ba ta da alhakin komai. Idan gari ya ji, ba ni na faɗa ba. Idan kika faɗa hannun mai ɗaukar hoton da aka koya wa gaisuwa, ƙaddararki ce. Idan kakanki ya rasa rabin masu zuwa, ko ya mai da ke sakatariya ba tare da ya nemi shawararki ba, ko ya rataye hoton ƙashinsa a inda mutane ke rataye na Makka, ba ruwana.

Mai ƙorafi ya samu Tsoho a zaure bayan la'asar. Kada ki je da kanki, ki aika yayanki. Zai miƙo masa hannun dama su gaisa. Ki gaya masa ya shirya yatsunsa, don da gangan yake matsewa, kuma ba ya saki sai mutum ya ce da bakinsa: "Ya warke, Baba, wallahi ya warke."